Idon Raga da Makomar Kifi a Tafkunan Adar da Kwarin Majiya

Ƙasar Adar da kwarin Majiya, a jahar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, sun fi shahara da albasar Galmi, da simintin Malbaza, da hada-hadar kan iyaka tsakanin Birnin Ƙonni da Illela ta jihar Sakkwato, amma a gefen waɗannan akwai sana'ar su, wadda ke ciyar da gidaje masu yawa, tun daga masunci da ke shiga ruwa da asuba har zuwa matar da ke suyar kifi a bakin tasha. Kifin yankin yana fitowa ne daga madatsun ruwa da tafkuna waɗanda yawancinsu rufaffu ne, wato babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke kawo musu sabon iri, saboda haka abin da aka kwashe daga cikinsu bana shi ke yanke abin da za a samu baɗi. Daga cikin abubuwan da ke yanke wannan hukunci, babu wanda ya fi ƙanƙanta a ido kuma ya fi nauyi a sakamako kamar faɗin ramin raga, wanda masunta ke kira ido, suke kuma auna shi da yatsu.

Ruwan da ake su a cikinsa

Majiya gulbi ne da ke gudu da damina kaɗai, yana tasowa daga duwatsun Adar, ya gangaro kudu maso yamma ta Dogarawa da Tsarnawa da Ƙonni, sannan ya tsallaka iyaka ya ƙare a tafkin Kalmalo na Najeriya. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon shekarun 1980 aka gina masa madatsu biyu, Mozage da Zango, domin shayar da gandun noman rani na Ƙonni mai faɗin kusan hekta 2,500, wanda hukumar ONAHA ke kula da shi. An tare ruwan ne domin noma, sai kifi ya zama riba ta biyu, kuma wannan yana da muhimmanci ga masunci, domin ba shi ke da iko da ranar da za a buɗe ƙofar ruwa ko rufe ta ba, ga kuma yashi da laka da ambaliya ke tarawa a cikin madatsun shekara bayan shekara suna rage musu zurfi.

A arewa maso yammacin Birnin Ƙonni akwai tafkin Ɗan Dutsi, wanda ya zama mai riƙe ruwa duk shekara tun daga daminar 1974, a arewa maso gabashin birnin Tawa kuma akwai tafkin Tabalak, kuma dukansu biyu sun shiga jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2005. Yawancin kifin da ke cikin irin waɗannan tafkuna zuba shi aka yi, domin ma'aikatan gandun daji da ƙungiyoyin masunta sun daɗe suna ɗebo 'ya'yan karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa da ragon ruwa daga wasu wurare suna sakewa a ciki. Ruwan sama a wajen Ƙonni bai cika wuce milimita 500 da yawa a shekara ba, yana kuma sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, alhali rana da iska suna shanye kusan mita biyu ko fiye na zurfin buɗaɗɗen ruwa a shekara guda, don haka kowane tafki yana kumbura da damina ya tsuke da bazara, kifin da ke ciki ya taru a ɗan wuri inda raga ke iya cim masa cikin sauƙi.

Yadda raga ke zaɓen kifi

Raga, wadda masunta da yawa ke kira kalli, bango ne na zare da ake tsayarwa a cikin ruwa. Igiyarta ta sama tana ɗauke da abubuwa marasa nauyi, kamar gutsattsarin robar silifa ko soso, igiyar ƙasa kuma tana ɗauke da dalma ko ƙananan duwatsu, ta yadda za ta tsaya a miƙe. Masunci yakan shimfiɗa ta da yamma daga kwalekwale ko daga kan gora, ya bar ta ta kwana, ya dawo da asuba ya bi ta yana zare abin da ya faɗa. Ta bambanta da birgi da ake jefawa ya rufe kifi, da taru da ake ja zuwa gaɓa, da gura da kifi ke shiga ya kasa fita, da mamari mai jerin ƙugiyoyi, domin ita ba ta bin kifi, kifin ne ke zuwa da kansa ya cusa kai a cikin ido.

Abin da ke faruwa a wannan lokaci shi ne tushen maganar duka. Jikin kifi siriri ne a baki, yana kauri har zuwa gaban ƙayar baya, sannan ya sake sirancewa zuwa wutsiya, kuma a bayan kansa akwai murfi biyu da yake buɗewa da rufewa yayin numfashi. Idan kifin ƙarami ne sai ya ratsa idon ya wuce abinsa. Idan ya yi daidai da idon, kansa zai shige, jikinsa ya ƙi, da ya yi yunƙurin komawa baya sai zaren ya faɗa ƙarƙashin murfin numfashi ya riƙe shi, ko kuwa ya ci gaba da kutsawa har zaren ya ɗaure shi a tsakiyar jiki, ya bar masa zobe a kan ɓawo wanda ake iya gani a kasuwa. Idan kuma ya fi ƙarfin idon, kansa ma ba zai shiga ba, sai ya tunkuyi ragar ya juya. Nan ne raga ta saɓa da rariya, domin rariya tana tare duk abin da ya fi raminta girma, raga kuwa tana sakin ƙanana da manya duka biyu, tana kama na tsakani.

Masanin ƙasar Rasha Fyodor Baranov, wanda ya fara rubutu a kan wannan batu tun 1914, shi ya nuna cewa girman kifin da raga ta fi kamawa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da girman idonta, wato idan aka ninka ido sau biyu, tsawon kifin da zai fi faɗawa shi ma zai ninku sau biyu, matuƙar irin kifin ɗaya ne. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa kowane ido yana da tsawon kifi da ya fi dacewa da shi, kuma kifin da ya fi wannan tsawo ko ya kasa shi da kusan kashi 20 cikin 100 ba safai yake kamuwa ba. Wannan ne ya sa masana ke lissafa raga cikin kayan su mafi zaɓe, ya kuma sa ake iya sanin girman kifin da masunci zai kawo tun kafin ya shiga ruwa, ta hanyar duba ragarsa kawai.

Ƙa'idar tana da inda take sassautawa. Kifi mai ƙaya mai haƙora irin kurungu, ko mai haƙora a baki irin tsage, ko mai dogon gashin baki irin ragon ruwa da tarwaɗa, yakan sarƙe a raga ko da idon bai yi daidai da shi ba, kuma duk wanda ya taɓa ganin masunci yana fama da kurungun da ya kulle ƙayoyinsa uku a cikin zare, yana juya shi a hankali don kada ya soke shi ko ya yaga ragar, ya san cewa wannan kamun dabam ne. Yadda aka ɗaura ragar a igiya shi ma yana da tasiri. Idan aka ɗaura raga mai tsawon mita 100 a miƙe a kan igiya mai mita 50, idanun suna buɗewa sosai, ragar ta tsaya kyam, zaɓenta ya yi kaifi, amma idan aka tattara ta a kan gajeriyar igiya sai ta yi sako-sako, ta riƙa nannaɗe manya da ƙanana. Sai kuma irin zaren. Karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma ta samo asali ne a zamanin da ake saƙa kayan su da zaren da kifi ke iya hangowa, amma ragar roba mai sili ɗaya, wadda ta cika kasuwanni a yau, kusan ba ta ganuwa a cikin ruwa, tana kamu dare da rana, ba ta ruɓewa, kuma idan ta tsinke aka bar ta a tafki takan ci gaba da kashe kifin da ba wanda zai ci.

Awon ido da lissafin da ke bayansa

Ana auna ido ta hanya uku, kuma rashin bambanta su yana jawo gardama tsakanin masunta da ma'aikata. Hanya ta farko ita ce daga ƙulli zuwa ƙullin da ke maƙwabtaka da shi, wato gefe ɗaya daga gefe huɗu na idon. Ta biyu ita ce a ja idon har ya rufe a auna daga ƙullin sama zuwa na ƙasa, wanda ke ba da ninki biyu na awon farko, kuma da shi dokoki suka fi aiki. Ta uku ita ce ta kasuwa, inda mai saye ke jera yatsunsa ya zura su a cikin idon ya ga nawa suka shiga, ya ce wannan yatsa biyu ce, waccan yatsa huɗu. Awon yatsa yana da sauƙi, kowa yana tafe da ma'auninsa, sai dai yatsun mutane ba ɗaya ba ne, kuma mai son ragarsa ta wuce bincike yana iya matsa yatsa na uku ya shiga da ƙarfi. A ɓangaren Najeriya ana sayar da raga da inci, inda inci 3 ke daidai da santimita 7.6.

Ido mai santimita 6 a miƙe yana da santimita 3 a kowane gefe, kewayensa santimita 12 ke nan, don haka kifin da zai riƙe shi ne wanda kaurin wuyansa ya kai kimanin haka. A wajen karfasa, mai faɗin jiki, wannan yana nufin kifi mai tsawon kusan santimita 15, a wajen tarwaɗa kuwa, mai dogon jiki zagayayye, kifin zai kusa ninka wannan tsawo. Ido ɗaya ke nan yake kama iri biyu a matakai dabam-dabam na rayuwarsu, abin da ke nuna cewa babu awo guda da zai dace da kowane kifi a tafkin da ke da iri da yawa.

Nauyin kifi ba ya ƙaruwa daidai da tsawonsa, yana ƙaruwa ne ta fuska uku a lokaci ɗaya, tsawo da faɗi da kauri, shi ya sa kifin da ya ninka tsawonsa sau biyu yake ninka nauyinsa kusan sau takwas. Karfasa mai santimita 10 tana da nauyin kusan giram 20, mai santimita 15 tana kai giram 60 zuwa 70, mai santimita 30 kuwa tana kai rabin kilo. Kafin mai ragar yatsa biyu ya tara kilo guda sai ya kashe kifi kusan 50, mai ragar babban ido kuwa kifi biyu sun ishe shi, kuma kilonsa ya fi tsada a wurin dillali. Masana suna kiran wannan asara kamun da ya riga girma, wato an cire kifin daga ruwa a daidai lokacin da yake tara nama da sauri, tafkin ya ba da ƙasa da abin da abincin cikinsa zai iya samarwa.

Asara ta biyu ta fi wannan muni, ita ce kamun da ya riga haihuwa. Karfasar Nilu, wadda aka fi zubawa a tafkunan yankin, tana ɗaukar ƙwanta a baki har ya ƙyanƙyashe, tana kuma ci gaba da ɓoye 'ya'yan a bakin na wasu kwanaki, saboda haka kama uwa ɗaya a wannan hali kashe zuriya ce gaba ɗaya. Yawan ƙwan yana bin girman uwar, domin mai nauyin giram 100 ba ta wuce ƙwai ɗari ko ɗaruruwa kaɗan a zubi ɗaya, alhali mai kusan kilo guda tana ba da 1,000 zuwa 1,500. Tarwaɗa tana jiran ruwan farko ya malala cikin ciyawa kafin ta fita ta zuba ƙwai, kuma a wannan fitar ce ta fi sauƙin tarewa. Giwan ruwa kuwa, wanda kan iya kai kilo 100 har ya wuce, ba ya fara haihuwa sai ya haura rabin mita, kuma mafi yawan manyansa mata ne, don haka ragar yatsa uku tana kama shi tun yana ɗan yaro, ragar da ta yi girman ido sosai kuma tana tsince iyayen.

Dalilin da ido ke ƙanƙancewa

Masunta sun san duk wannan, wasunsu ma sun fi masu bincike sanin lokacin da kowane kifi ke ɗaukar ƙwai, kuma abin da ke tura su ga ƙaramin ido yanayin sana'ar ne. Idan masu kamu suka yi yawa a tafki, manyan kifaye su ke fara ƙarewa, raga mai yatsa biyar ta riƙa dawowa babu komai, sai wani ya sayo mai yatsa huɗu ya ga kamu ya dawo, sauran su bi shi, bayan shekara ɗaya ko biyu ita ma ta daina kawowa, a sauko zuwa uku, daga nan zuwa biyu. Kowace saukowa tana kawo sauƙi na ɗan lokaci, domin ƙananan kifaye sun fi manya yawa a kowane ruwa, amma tana cin jarin da zai haifi kamun gaba. Mutum ɗaya ba zai iya tsayar da wannan gangara ba, tunda kifin da ya bari ya girma maƙwabcinsa ne zai kama shi gobe, musamman idan ragar ma bashi aka karɓo ta daga dillali da sharaɗin biya da kifi. Ƙarshen gangarar shi ne gidan sauro, wanda aka raba domin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro, amma a ƙasashen Afirka da dama ake jan sa a bakin ruwa yana kwashe har 'ya'yan da ba su kai ƙwayar gyaɗa ba.

An ga wannan tafiya a manyan ruwaye. A tafkin Biktoriya na gabashin Afirka, inda raga ta shiga a 1905, binciken Michael Graham na 1927 zuwa 1928 ya ba da shawarar kada ido ya kasa inci 5 domin kare karfasar tafkin da ake kira ngege, aka yi doka a kan haka, amma da kamu ya ragu masunta suka koma ƙananan idanu, hukumomi suka janye dokar tsakanin 1956 da 1961, kuma ngege ta kusa ɓacewa daga tafkin, ko da yake giwan ruwa da baƙuwar karfasa da aka zuba a wannan zamani su ma sun taimaka wajen ƙarar da ita. A tafkin Cadi, ragar nailon ta bazu wajen 1960, kamu ya hau da sauri, idanu suka yi ta raguwa, sannan farin farkon shekarun 1970 ya zo ya tsuke tafkin, manyan kifayen buɗaɗɗen ruwa suka ja baya, tarwaɗa da karfasa suka mamaye bandar da ake lodi daga Baga da yankin Difa.

Misalin da ya fi kusa shi ne tafkin Kainji, wanda aka gama madatsarsa a kan kogin Kwara a 1968. Ƙiyasin masu bincike ya nuna kamu ya haura tan 28,000 a 1971, lokacin da kifin faliya ya cika tafkin, sannan ya faɗo ƙasa da tan 5,000 a 1978. Wani ɓangare na faɗuwar abu ne da aka saba gani a kowace sabuwar madatsa, domin ciyawa da itatuwan da ruwa ya rufe suna ba da abinci mai yawa a shekarun farko kafin su ƙare, amma ƙananan idanu da yawan masunta sun ƙara tsananta ta. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa na Najeriya da Jamus ya yi aiki da jihohin Neja da Kabi da sarakunan gargajiya, aka tsayar da inci 3 a matsayin mafi ƙarancin idon raga, aka kuma hana jan dala, babban tarun da ake kamun warangi da shi wanda ke haɗawa da 'ya'yan manyan kifaye. Abin da Kainji ya koyar shi ne dokar ta yi aiki gwargwadon yadda sarakunan ruwa da masunta suka riƙe ta, ta kuma yi rauni a duk inda aka bar ta ga ma'aikata kaɗai. Teku ma ba ta tsira daga wannan lissafi ba, domin tun 1946 ƙasashen Turai suka sa hannu a Landan a kan yarjejeniyar ƙayyade idon kayan su da girman kifin da za a sauke, kuma ƙasashen gaɓar Afirka ta Yamma suna da irin waɗannan dokoki a kan ruwansu.

Doka da iyakarta

A Nijar, doka mai lamba 98-042 ta ranar 7 ga Disamba 1998, wadda ta tsara sha'anin su, ta hana aiki da ragar da idonta ya kasa yatsa uku, ta kuma fassara yatsa uku da santimita 6 a miƙe, tare da hana jan taru da ragogin da ke share ƙasan ruwa irin kindi-kindi, da amfani da guba ko abin fashewa. A 2021 an yi sabuwar doka da ta haɗa su da kiwon kifi. A Najeriya, dokar sun ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta sa iyakar a milimita 76. Ma'anar wannan ita ce ragar da dokar 1998 ta halatta a Mozage tana iya zama haramtacciya a Kalmalo ko madatsar Goronyo, duk da cewa masunta da ragogi da kifi suna ƙetare wannan iyaka kullum. Idan aka ɗora awon dokar Nijar ta 1998 a kan lissafin da ya gabata, za a ga cewa yatsa uku yana barin karfasa ta kai girman da za ta iya fara haihuwa a ƙaramin tafki, amma yana kama ta tun kafin ta yi nauyin kirki, ga giwan ruwa kuma ba ya ba shi wata kariya. Yatsa uku iyaka ce ta ƙasa da bai kamata a keta ba, ba awon da ya fi riba ba.

Akwai kuma masana, irin su Jeppe Kolding da Paul van Zwieten, waɗanda suka yi shekaru suna nazarin ruwayen Afirka kamar tafkin Kariba, suka kawo hujjar cewa ba kowane ƙaramin ido ne ɓarna ba. A ganinsu, ƙananan kifaye sun fi saurin hayayyafa, kama manya kaɗai yana tsince iyayen da suka fi ƙwai, kuma a ruwan da ke hawa da sauka yawan ambaliya ya fi kayan su tasiri a kan kamun shekara. Wasu irin kifin, kamar kawara da warangi, ƙanana ne har tsufansu, raga mai yatsa uku ba za ta taɓa kama su ba, alhali su ne kifin talaka, waɗanda ake ci har da ƙashi, su ba yara sinadaran gina jiki da ƙashi. Wannan ra'ayi yana da masu suka, amma yana da wurin zama a Adar. Tafkin da zai ƙafe ƙurmus a watan Maris ko Afrilu babu ma'anar barin kifi a cikinsa, domin in ban da gaiwa, wadda ke binne kanta a laka ta jira damina, duk abin da aka bari tsuntsaye da rana ne za su cinye. Haka kuma karfasar da ta cika ƙaramin tafki ba tare da mai cinta ba takan tsumbure, ta fara haihuwa tun tana santimita 10 ko 12, ta ƙi girma, kuma maganin wannan shi ne a rage ta ko a zuba kifi mai farauta, domin babban ido ba zai kama komai a irin wannan ruwa ba.

Abin da ya dace da kowane ruwa

Daga nan za a fahimci cewa tambayar da ta kamata a fara yi ita ce wane irin ruwa ne. Tafkin da ke riƙe ruwa duk shekara, kamar Tabalak da Ɗan Dutsi da Madarumfa ta jahar Maraɗi, iyayen kifinsa suna cikinsa, babu inda wasu za su fito, don haka a nan ne tsaurara awon ido ya fi biya, kuma ɗaga shi zuwa yatsa huɗu domin karfasa yana iya ƙara nauyin kamu bayan ɗan lokacin haƙuri. Tafkin da ke ƙafewa kuma ana zuba masa iri duk shekara ya fi kama da gona, abin da yake bukata shi ne a rufe shi watannin farko kifi ya girma, a buɗe da babban ido, a riƙa saukowa yayin da ruwa ke janyewa, a kuma kwashe wasu iyaye da rai a ajiye a ruwa mai zurfi domin zubin baɗi. Madatsun Majiya suna tsakanin biyun, kuma a wurinsu yarjejeniya da manoman rani a kan ruwan da za a bari a gindin madatsa da bazara tana da nauyi daidai da awon ido.

Awon ido shi kaɗai ba ya isa idan ana shimfiɗa raga a mashigar ruwa a watan Yuli da Agusta, lokacin da kifi ke fita haihuwa. Rufe ruwa na wani lokaci tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma Matan Fada ta Argungu, wadda ake hana su a cikinta har ranar bikin da ya samo asali tun 1934, shaida ce ta girman da kifi ke kaiwa idan aka ƙyale shi. Sarkin ruwa da ƙungiyar masunta sun fi kowa damar aiwatar da irin wannan, domin su suka san ragar kowa. Sai dai wanda aka ce ya ajiye ragarsa ta yatsa biyu yana bukatar wata a madadinta da abin da zai ci kafin kifi ya girma ya kai sabon idon, shi ya sa musanyar raga da bashi mai sauƙi suka fi ƙwace da ƙonawa ɗorewa, kamar yadda binciken dilolin raga a kasuwannin kan iyaka ya fi farautar masunta ɗaya bayan ɗaya sauƙi.

Sanin awon da ya dace da tafki ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Masu bincike sukan jera ragogi masu ido dabam-dabam a wuri ɗaya, su auna tsawon duk kifin da kowace ta kama, su tsaga cikin wasu su ga daga wane tsawo ne rabin mata ke ɗauke da ƙwai, sannan su zaɓi idon da kamunsa ya fara daga saman wannan tsawo. Ƙungiyar masunta da ke da katako mai zanen santimita, da sikeli, da littafi, da mutum ɗaya mai rubutu a mashigar kwalekwale, tana iya yin wannan aiki da kanta cikin damina ɗaya da rani ɗaya, kuma awon da masunta suka fitar da hannunsu daga kifin tafkinsu ya fi wanda aka aiko musu daga Yamai samun masu kare shi.